Kafin a Sallami Dillali

Duk shekara, da zarar Babbar Sallah ta ƙarato, magana ɗaya ce ke zagaya ofisoshin Kano da zaurukan WhatsApp na ma'aikata: rago ya yi tsada a birni, alhali a ƙauye araha ne, dillalai ne suka shiga tsakani suka lashe ribar. Sai shawara ta biyo baya, cewa a haɗa mai kiwo da mai saye kai tsaye, a ture ɗan tsakiya gefe, kowa ya huta. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Sai dai duk wanda ya bi sawun rago tun daga turkensa a Tarai ko Fammar har zuwa ƙofar gidan da za a yanka shi ya san cewa ana iya kawar da dillali, amma aikinsa yana nan. Wani ne zai ɗauka, kuma wani ne zai biya. Yawancin yunƙurin sayar da dabba kai tsaye da ke mutuwa bayan Sallah ɗaya, rashin wannan lissafin ne ke kashe su.

Ƙaramar hukumar Kibiya, maƙwabciyar Rano a kudancin jihar Kano, ƙasar noma ce: dawa da gero da masara, gyaɗa da wake. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 130,000. Kiwon da ya fi yawa a can na cikin gida ne: rago biyu ko uku a turke, 'yan awaki, kaji a akurki, zabi suna kiwo a bayan gari. Dabbar nan asusu ce. Ana sayenta da kaka idan an sami sarari, a sayar idan taki ko asibiti ko kayan ɗakin 'ya suka taso. Polly Hill, masaniyar da ta yi nazarin ƙauyukan Katsina da Kano ta wallafa a shekarun 1970, ta lura cewa kaso mai yawa na tumaki da awakin ƙauyen Hausa mallakar mata ne, kuma har yau wanda ya leƙa gidajen karkara zai tarar da haka. Mai dabbar kenan sau da yawa matar aure ce da ba ta zuwa tike. Miji ko ɗa ko wani amintacce ne zai ja mata akuyar zuwa kasuwa, ya dawo ya faɗa mata nawa aka sallama.

Daga hannunta dabbar kan bi ta hannu uku ko huɗu. Akwai mai bin gida-gida yana saye, akwai ɗan baranda da ke saye da safe a kasuwar ƙauye ya sayar kafin la'asar, akwai falken da ke tara garke ya nufi Wudil ranar Juma'a ko 'Yan Awaki a Unguwa Uku, sannan akwai mai kasa raguna a Ƙofar Na'isa a goman farko na Zulhajji. A ƙaddara, don misali kawai, ragon ya bar gida a kan naira 150,000, ɗan birni ya saye shi 220,000. Mai lissafin ofis zai ce ga 70,000 nan da za a raba tsakanin mai kiwo da mai layya. Amma a cikin kuɗin nan akwai kuɗin mota, da kuɗin shiga kasuwa, da abin da ake miƙawa a shingayen hanya, da dusa da harawar kwanakin jira a birni, da ladan yaron da ke kwana da garke, da rabon ragon da ya karye a mota ko ya kwana bai tashi ba, da asarar waɗanda Sallah ta wuce ba a saya ba. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ribar da ake jin haushi, kuma ba kullum take kai yadda ake zato ba.

Aikin dillali na farko ma ba ciniki ba ne, shaida ce. Idan baƙo ya sayi saniya a kara, bayan mako biyu wani ya zo ya ce tasa ce aka sace, wurin dillali za a nufa, shi zai fito da wanda ya kawo ta. La'adar da yake karɓa, wani ɓangarenta kuɗin wannan lamunin ne. Mutanen kudancin Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan haka. Sun ga yadda satar shanu ta yi ƙamari a dajin Falgore wajajen 2015, har sai da jami'an tsaro suka shiga suka ƙwato dabbobi masu yawa. A irin wannan ƙasa, sayen dabba daga hannun wanda ba a sani ba, ba tare da wani tsayayye a tsakani ba, kasada ce da kan kai mutum ofishin 'yan sanda.

Tsarin ya daɗe, kuma ya yi aikin da banki da kotu ba su yi ba. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana a maƙalarsa ta 1965 da littafinsa na 1969 yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanun Arewa bashi, babu takarda babu sa hannu, maigida ne kawai ke tsaya wa falke cewa kuɗinsa za su fito, dillalansa kuma su ne suka san mahaucin da ke biya da wanda ke gudu. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne ke cikawa daga aljihunsa, domin sunansa shi ne jarinsa. Abin da ke tafiyar da fataucin dabbobi daga Arewa zuwa Kudu kenan, tun kafin a san wayar hannu. Ban da shaida, dillali da falke suna ba mai kiwo abu biyu da ɗan birni mai kyakkyawar niyya ba ya iya bayarwa: kuɗi a hannu yau, da saye ba zaɓe. Matar da ɗanta ke kwance ba za ta jira wani ma'aikaci ya ga hoton akuyarta ya yi shawara da iyalinsa ba.

Wannan ba wanke dillali ba ne. Ƙorafin mutanen ƙauye a kansa na gaske ne, sai dai a lura da inda ƙorafin ya dosa. Ba su cika cewa la'ada ta yi yawa ba. Abin da ke ci musu rai shi ne duhu: a ja mai saye gefe a yi raɗa, a dawo wa mai dabba da wani farashi, a ci a nan a ci a can. Akwai tayin ƙarya da abokan baki ke yi don a ruɗi mai saye, akwai kuma masu tare hanya tun kafin a shiga kasuwa, su saye daga hannun wanda bai ji yadda aka tashi ba. Shari'a ta hana duka biyun, kuma hadisan da suka zo a kansu sanannu ne a Bukhari da Muslim. Dalilin da malamai da dama suka bayar game da hana tarbar masu kawo kaya shi ne ainihin ciwon da ake fama da shi yau: mai kaya bai san farashi ba, mai tarbarsa ya sani.

Da wayar hannu ta zo, an ɗauka ta gama da wannan duhun. Akwai hujjar yin zaton haka. Robert Jensen ya nuna a bincikensa na 2007 cewa masuntan Kerala a Indiya, da suka sami waya, sun daina zubar da kifin da ya yi kwantai, ribarsu ta ƙaru, farashi ya sauka ga mai saye. Jenny Aker ta gano a 2010 cewa shigowar waya ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Amma binciken da ta sake yi tare da Marcel Fafchamps bai ga alamar cewa kuɗin da manomi ke karɓa ya tashi ba. Dalilin bambancin ba boyayye ba ne. Masunci yana cikin jirginsa, idan ya ji farashi ya fi kyau a wata gaɓar sai ya juya akala. Matar da ke Durba ko Kahu tana iya sanin nawa rago ya kai a Wudil, amma ba ta da motar kai shi, kuma takin da za a zuba wa masara ba zai jira Juma'a mai zuwa ba. Sanin farashi ba ya amfanar wanda ba shi da ikon cewa albarka.

A nan ne amfanin sayarwa kai tsaye yake, kuma ba inda aka saba nemansa ba. Babbar ribarta ita ce mai kiwo ya san mai sayensa tun kafin ya fara ciyarwa. Wanda ya ɗaure rago yana da tabbacin wanda zai karɓa, da ranar karɓa, da yadda za a yi farashi, ya fita daga sahun masu sayarwar dole. Ko da kuɗin da zai samu bai fi na kasuwa da yawa ba, ya tsira daga faɗuwar kasuwar jajibiri, ya kuma san iya buhun dusar da ya cancanci ya zuba.

Kalanda ma ta ƙara wa wannan nauyi. Babbar Sallah tana ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara: 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Ma'ana, watanni ukun da aka saba turke rago yanzu sun faɗa tsakiyar bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawar wake da ta gyaɗa suka yi tsada, kuma haka za a ci gaba na wasu shekaru. Wanda ya tanadi harawa tun kaka shi ke cin riba. Wanda ke saye ɗauri-ɗauri a watan Afrilu, ragon ne ke cinsa. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa ba ya iya tanadin kaka sai da kuɗi a hannu ko alkawari mai ƙarfi. Hanyoyin yin hakan ba baƙi ba ne. Fiƙihun Malikiyya ya halatta cinikin salam a dabbobi, wato a biya kuɗi gaba ɗaya tun farko, a fayyace jinsi da shekaru da siffa da ranar miƙawa. Wanda albashinsa ba zai ɗauki haka ba yana iya sayen ramammen rago ya zama nasa, ya riƙa biyan kuɗin abinci da ladan kiwo wata-wata, da sanin cewa idan ya mutu ba da sakaci ba, asararsa ce. Ragon suna ya ma fi sauƙin tsarawa, tunda ciki yana ba da sanarwar wata tara, amma sai ka ga maigida yana yawon tike ana gobe suna kamar labarin ya zo masa bagatatan.

Kaji lamarinsu daban ne, kuma a nan ne masu sha'awar kiwo daga birni suka fi ƙonewa. Kazar gidan gona ta nama tana isa yanka a mako shida zuwa takwas, kuma daga ranar duk abin da ta ci daga riba take ci, alhali abinci shi ne kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwonta. Mai kaji ɗari biyu a Kibiya da bai sami mai saye ba kafin su isa, duk abin da ɗan kasuwa ya taya sai ya sallama. Ƙwai ma haka: lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kiret-kiret sun yi kwantai a gidajen gona, saboda masu shayi da masu shago ba su da tsabar kuɗin sari. Ƙaramin mai kiwo ba zai yi gogayya da manyan gidajen gonar kewayen Kano a wannan fagen ba, sun fi shi arahar abinci, sun fi shi kusa da kasuwa. Abin da yake da shi wanda ba su da shi shi ne kazar gida da zabuwa da ƙwan zabi na damina, kayan da ɗan birni ke nema da suna, ya kuma yarda ya biya fiye. Su kuma ba sa tsufa a mako guda; idan ba a saya yau ba suna ci gaba da tonon abincinsu.

Raunin kazar gida shi ne fakat, cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, wadda kan share akurkin gari guda da hunturu. Shi ya sa ake rige-rigen kai kaji kasuwa da an ji ta ɓulla, farashi ya faɗi, cutar kuma ta bi kwando ta yaɗu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom tana yin rigakafinta, har da nau'in da ke jure zafi wanda ake ɗigawa a ido. Duk wani shirin kai wa gidajen birni kaza a kai a kai da bai fara da wannan ɗigon ba, a kan rairayi aka gina shi. Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Najeriya a watan Fabrairun 2006 ta kuma dawo Kano a Janairun 2015. Kazar da ta tashi daga gida zuwa gida ba ta kwana a kejin kasuwa tare da na garuruwa goma ba, wannan fa'ida ce ta gaske. Batun figaggiyar kaza a leda kuwa, sai a bar shi har ranar da wutar lantarki za ta riƙe firiza a Kibiya, ko a yanka da asuba a isar kafin hantsi.

Sai sikeli. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma da wannan idon ake cinikin dabba daga Maigatari har Legas. Matsalar ita ce idon dillali ya ga raguna dubu, na ma'aikacin banki ya ga goma, kuma ta hoton waya ma yake kallo, inda kowane ɗan Yankasa ke iya zama Balami idan mai ɗauka ya durƙusa. Sikelin rataye da majanyin ɗaga rago ba su kai kuɗin tunkiya ɗaya ba. Idan aka yi yarjejeniya a kan kilo, aka auna a gaban shaidu ranar ɗaurewa da ranar miƙawa, an rufe ƙofar mafi yawan gardama. Wasu kamfanonin intanet irin su Livestock247 sun gwada sayar da dabba bisa nauyi. Gaskiya ne ragon layya ba nama kaɗai ba ne, ana sayen ƙaho da launi da tsayi, kuma akwai sharuɗɗan shekaru da lafiyar ido da ƙafa da sikeli ba ya gani. Amma nauyi ƙasa ce da za a tsaya a kai kafin a yi maganar kyau.

Ana yawan tsoratar da ɗan birni da cinikin biri a sama, a tura kuɗi a kawo abin da ba shi aka gani ba. Ba a cika faɗin ɗaya ɓangaren ba. Mutumin ƙauye ma yana da nasa tsoron, kuma ya fi hujja. Akwai alat na bogi. Akwai kuma wanda ya fi shi ciwo: ɗan'uwan da ke aiki a Kano ko Abuja, ya aiko a ɗauko masa rago, ya ce za a turo idan an yi albashi, Sallah ta wuce, Muharram ya wuce, gwaggo tana jin nauyin tambaya. Falke baƙo ne, yana taya ƙasa, amma yana ƙirga kuɗi a take. Da yawa daga cikin masu cewa dillalai na zaluntar talaka, abin da suke nema a zahiri shi ne su sayi rago a farashin ƙauye, a kawo musu har gida, su biya sanda suka ga dama. Wannan ɗan tsakiya ne aka maye da wanda ya fi shi sharri, tunda shi ko kunyar kasuwa ba ta kama shi.

Ko an sami masu saye na kirki, mace mai rago biyu ba za ta ɗauki shatar mota ta bi ta Rano da Bunkure zuwa birni ba. Sai gida ashirin ko talatin sun haɗa kaya. Kuma dole wani ya rubuta sunaye, ya ɗauki hoto, ya kira malamin dabbobi, ya auna, ya yi cinikin mota, ya raka kaya, ya amsa waya idan an yi ƙorafi. Matashin da zai yi wannan, ko an kira shi sakataren ƙungiya ko wakili, dillali ne. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka zai yi don Allah da son ci gaban gari. Wanda ba a yanka wa lada a fili ba zai yanka wa kansa a ɓoye. A sa masa la'ada sananniya a kan kowane kai, a rubuta farashin da mai saye ya biya inda mai dabba za ta gani, kuɗin kuma su faɗa asusun da ke ɗauke da sunanta, ko da na OPay ko Moniepoint ne da za ta cira a wurin mai POS na unguwa. Ƙungiyar masu madara ta Anand a Indiya, wadda ta haifi Amul, ta fara ne a 1946 saboda haushin 'yan tsakiya, kuma abin da ta yi shi ne ta ɗauki nata ma'aikatan tattarawa da awo, ta sa su ƙarƙashin ikon masu shanun. Babu abin da zai hana dillalin tike na yanzu, wanda ya riga ya san dabba ya san mutane, ya zama shi ne wannan wakilin, in ya yarda a kunna fitila.

Hukuma tana da rawar da za ta taka, kuma ba mai tsada ba ce. Jihar Kano ta sami shirin bunƙasa noma da kiwo na KSADP da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, akwai shirin L-PRES na Bankin Duniya, kuma tun Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo ta musamman. Irin waɗannan shirye-shirye sun fi son abin da ake yanke wa ƙyalle: gini, katanga, rumfa. Abin da mai rago biyu ke buƙata ƙanana ne: sikeli a kowace kasuwar mako da wanda zai kula da shi, takardar shaidar mallaka da lafiya daga dagaci da malamin dabbobi wadda shingen hanya zai girmama, rigakafi a kan kari, da sanar da farashin Wudil da Dambatta a rediyo kamar yadda ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure. Hana fitar da dabbobi da gwamnatin Nijar ta yi a watan Mayun 2025, ana dab da Sallah, ya nuna cewa ragon da ake jira daga ƙetaren iyaka ba tabbas ba ne, na bayan gida kuwa yana nan.

Ma'aikacin da ke son ragonsa na bana ya fito daga Kibiya ba tare da ya bi ta hannu huɗu ba, lokacin maganarsa ba daren Arfa ba ne. Ragon da za a yanka a watan Mayu, a Fabrairu ake ɗaure shi a turke, harawar da zai ci kuwa tun Nuwamba ake ɗora ta a kan rumfa.